Ba a gane kamshaf ɗin tsohuwar mota da kunne

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana da 'yan uwana makanikai, musamman yaranmu masu koyon aiki a nan Legas, kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Wasu masu hali suna shigo da tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfin nan, irin su Mustang da Ford ta fara fitarwa a 1964 da Camaro ɗin Chevrolet ta 1967. Motar da ta haura shekara 50 ai ta bi hannu da yawa, kowa ya buɗe injin ya saka abin da ransa ke so, kuma abin da masu son gudu suka fi canzawa shi ne kamshaf ko kam, sandar nan mai ƙusumbi 16 a injin mai silinda takwas da ke buɗe bawul tana rufewa. Sai a kawo mota gareji ba takarda ba komai, mai ita ya ce tana rawa a silo, wato in tana tsaye injin na aiki ba a taka totur ba, kuma birki ya yi tauri, sai ka ga oga ya kara kunne jikin bonet ya ce ai wannan kamshaf na tsere ne aka saka mata. Haba jama'a! Filogi ɗaya ya mutu ko iska na satar shiga ta gasket ɗin manifol ma haka za ta dinga rawa.

Wasu kuma sai su zare kamshaf ɗin su nufi kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da lambar da ke tsakiyar jikinsa, alhali wannan lambar zubin ƙarfe ce kawai, zubi ɗaya ana iya gurza shi kala-kala. Lambar da ke da amfani ita ce wadda kamfani irin su Comp Cams ko Crane ke bugawa a ƙarshen sandar, sau da yawa ta ɓangaren giyabos, ita ma in an taɓa sake gurza shi to ƙarya za ta yi maka.

Abin nan awo ne, kuma ba sai an sauke injin ba. Ka cire filogai duka don injin ya juyu da sauƙi, ka buɗe murfin bawul, ka kwance roka, ƙarfen nan mai danna bawul, ta silinda ta ɗaya, ka ɗora dayal geji, ma'aunin nan mai allura, a kan fushrod, wato sandar da ke tura roka, sannan yaro ya dinga juya karanshaf da sifana a hankali kai kuma idonka na kan allura har ta kai ƙololuwa ta fara dawowa. A injin Chevrolet 350, wato mai lita 5.7, roka na ninka tashin ƙusumbi sau 1.5 ne, don haka in ka ga inci 0.260 to bawul na buɗewa 0.390, wannan na kamfani ne sak, ka je ka nemi matsalarka a wani wuri. In kuwa ka ga 0.320, wato 0.480 a bawul, to galibi wani ya taɓa shi. Mai son ya ƙure magana sai ya ɗaura faifan digiri a gaban karanshaf, ya lura da digirin da ke tsakanin inda tafet, ƙarfen da ke zaune kan ƙusumbi yana tura fushrod, ya tashi inci 0.050 da inda ya sauko daidai nan, na kamfani bai cika wuce digiri 200 da wani abu ba, wanda ya haura 230 shi ne mai zafin, na tsere. Irinsa ne ke rage zuƙar iska a silo har sabo ɗin birki, wanda ke sauƙaƙa taka birki, ya rasa ƙarfi, injin lafiyayye mai kam ɗin kamfani yana ba da inci 17 zuwa 21 a bakyum geji, ma'aunin zuƙar iskar, in ya faɗo wajen 10 dole ƙafa ta sha wahala. Kayan awon nan fa ba su kai kuɗin wayar da yaranmu ke riƙewa suna kallon TikTok ba.

Masu taɓa Ford ku kula da wannan sosai. Tsohon injin 289 da 302 jerin wutarsu, wato yadda wuta ke bin silinda ɗaya bayan ɗaya, 1-5-4-2-6-3-7-8 ne, amma 351 Windsor nasa 1-3-7-2-6-5-4-8, kuma kam ɗin 351 yana shiga 302 lafiya lau. Kamshaf ne ke yanke jerin wuta, ba abin da aka rubuta a jikin manifol ba, don haka in ka jera wayoyin filogi bisa littafi sai mota ta dinga tari tana harbi ta kabreta, kar ka zagi mai distiribita, ka duba wace silinda ce bawul ɗinta ke buɗewa bayan ta ɗaya.

In kuma dole sai an zare kamshaf ɗin, to tafet ɗin nan masu shafaffen gindi kowanne ya riga ya saba da ƙusumbinsa, in aka cakuɗa su kam ɗin zai cinye cikin ɗan lokaci. Ni kiret ɗin ƙwai nake sa yaro ya samo, a rubuta lamba a kowane rami a jera su yadda aka ciro su, wurin mayarwa kuma a nemi baƙin mai mai sinadarin zink isasshe, don yawancin na zamani an rage masa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
wani makanike daga Agege, Legas