A raba batun naɗa mace fasto da batun koyarwarta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ikkilisiyoyinmu na karkarar Kano, wato ko ya halatta mace ta koyar da Maganar Allah a gaban maza.

Masu hanawa suna kafa hujja da 1 Timoti 2:11-12, inda Manzo Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba. Ba na raina hujjarsu, domin Bulus ya jingina maganar da halittar Adamu da Hawwa'u, abin da masu cewa umarnin na zamaninsa ne kaɗai sukan tsallake. Sai dai kalmar Helenanci da aka fassara da "yin iko" sau ɗaya tak ta zo a Sabon Alkawari, shi ya sa har yau masana suke jayayya kan ko shugabanci take nufi ko danniya. Ban da haka, Timoti yana birnin Afisa Bulus ya aika masa da wannan wasiƙa, a daidai lokacin da masu koyarwar ƙarya suke ruɗa jama'a.

A wannan Afisa ɗin ne Bilkisu da mijinta Akila suka ja wani mai wa'azi da ake kira Afolos gefe, duk da iliminsa, suka ƙara fayyace masa tafarkin Allah, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:26 ta nuna. Za a ce ai ba a bainar jama'a suka yi ba, na kuma yarda, amma a 1 Korintiyawa 11:5 Bulus da kansa ya tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci, bai ce ta daina ba.

A ƙauyenmu, idan rani ya yi maza suka tafi ci-rani, fasto kuma yana zagayen wasu ƙauyuka, 'yan Zumuntar Mata ne suke riƙe da nazarin Littafi Mai Tsarki, mu tsofaffin da muka rage muna zaune muna saurare, ban kuwa taɓa jin wanda ya tashi ya fita ba. Saboda haka ina kira ga shugabanninmu da su ci gaba da nazarin batun naɗi a tsanake, amma su fito fili su gaya wa waɗannan mata matsayin aikin da suke yi tun kafin ranin bana ya shigo.

Naku,
Wani dattijon ikkilisiya,
Ƙaramar Hukumar Sumaila, Jihar Kano.