Amsa ga Alhaji: Katin Baƙi na Ghana Bai Isa Hujjar Izinin Zama Ba

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, a taron 'yan kasuwa da muka yi a Kumasi ka tambaye ni a bainar jama'a ko katin shaidar baƙi, wanda sai an ɗauki zanen yatsu da hoton fuska ake bayarwa, ya wadatar a matsayin hujjar cewa mai zuba jari daga Kano yana zaune a Ghana bisa doka. Amsata ita ce bai wadatar ba.

Hukumar katin shaida ta ƙasa, NIA, ita ke bayar da shi ga baƙon da zamansa ya kai kwana 90 a cikin shekara, ana kuma sabunta shi duk shekara. Aikinsa shi ne ya tabbatar da cewa mai riƙe da shi shi ne mai sunan da ke jiki, shi ya sa ma'aikacin banki zai ce ka ɗora yatsa a kan na'ura kafin ya buɗe maka asusu, haka ma wajen rajistar layin waya. Izinin zama kuwa yana hannun hukumar shige da fice, wadda ita kanta sai ta ga katin kafin ta karɓi takardunka. Mutum zai iya riƙe kati mai rai a aljihu alhali izinin da ke cikin fasfo ɗinsa ya daɗe da ƙarewa.

Akwai kuma mataki na uku, wanda a ganina shi ya fi kayar da mutanenmu. Dokar zuba jari ta 2013 ta gindaya wa baƙo jarin dala 200,000 idan ya haɗa gwiwa da ɗan ƙasa, dala 500,000 idan kamfanin nasa ne shi kaɗai, sannan dala miliyan ɗaya da ɗaukar ƙwararrun 'yan Ghana 20 aiki idan saye da sayarwa zai yi, ta kuma keɓe ƙananan sana'o'in cikin kasuwa ga 'yan ƙasa. Lokacin da aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi a 2019 da 2020, da wannan doka aka kafa hujja. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da muke yawan ambata, shiga ba biza na kwana 90 ta ba ka.

Na fahimci dalilin da ya sa dattawan zango ke ɗari-ɗari da duk wata rajistar baƙi, domin korar baƙi da gwamnatin Firaministan Ghana Busia ta yi a 1969 ba ta gushe daga zukata ba. Duk da haka shawarata ita ce ka yi katin, ka yi rajistar kamfaninka da cibiyar zuba jari ta GIPC bayan ka tambayi lauya matsayin dokar a yau, sannan ka nemi izinin zama, ka rubuta ranar ƙarewar kowanne a littafin shagonka.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a Kumasi