Malam Edita, ba Lenin ne ya sauke sarkin Rasha ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Shirinku na tarihi kan juyin juya halin Rasha ya yi armashi, amma gaskiya baƙon naku ya cika jibga wa Lenin, jagoran 'yan gurguzun Rasha, komai, alhali lokacin da Sarki Nicholas na biyu ya yi murabus a watan Maris na 1917 shi Lenin ɗin yana can Zurich a Suwizalan yana zaman gudun hijira, labari kawai ya iske shi.

Ni dai a ganina Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya yi aikin. Tun watan Agusta na 1914 Jamusawa suka yi wa sojojin Rasha kaca-kaca a Tannenberg har kwamandansu Janar Samsonov ya harbe kansa. A 1915 kuma sarki ya ce shi zai ja ragamar sojoji da kansa, to daga nan duk kashin da aka sha a fagen daga ai sunansa ake kira, ga shi ya bar fada a hannun matarsa Alexandra wadda haifaffiyar Jamus ce, ita da bokanta Rasputin, mutane kuwa suna ta tsegumi.

Amma abin da ya fi cin talaka shi ne ciki. An kwashe manoma kusan miliyan 15 an sa musu kaki, an kwashe dawakai, jiragen ƙasa duk sun koma jigilar soja da harsashi, hatsi yana nan a karkara amma ba ya isa birni, gwamnati tana ta buga kuɗi farashi yana hawa, mata a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, su kwana a layin burodi cikin ƙanƙara. Su ne ma suka fara fitowa zanga-zanga ranar 8 ga Maris na 1917, matan masaƙa, da aka ce sojojin bariki su buɗe wuta, bayan kwana kaɗan sai suka juya suka bi jama'a, ai yawancinsu 'ya'yan manoman nan ne.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta zo ita ma ta ƙi fita daga yaƙin, ministan yaƙinta Kerensky ya sake tura farmaki a tsakiyar 1917 aka sha kashi, sojoji suka dinga guduwa gida. Nan ne fa Lenin ya samu ƙofa da maganar zaman lafiya da ƙasar noma da burodi. Kuma Jamusawa ne suka ba shi hanya ya wuce ta ƙasarsu a jirgin ƙasa a watan Afrilu, wannan ko ambatonsa baƙon bai yi ba.

Don Allah ku sake gayyato shi ya taɓo yarjejeniyar Brest-Litovsk ta Maris 1918, wadda ta fitar da Rasha daga yaƙin.

Naku mai sauraro a kullum, daga Gusau.