Abin da nake gani a jikin tsofaffinmu ranar wanka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Misfala ce a Makka. Nan aka haife ni. Kakata ce ta taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ta ratsa Sudan, ta tsallako teku daga Sawakin. Fiye da shekara 20 ke nan, idan mace ta rasu cikin 'yan'uwanmu Hausawa akan kira ni wanka. Mai wanka ba ta tona asirin mamaci, don haka ba suna, ba gida. Amma akwai abin da na gaji da haɗiyewa.

Tsohuwar da aka kula da ita, da na yaye mayafi nake ganewa. Wadda aka yasar ma haka. Gyambo a ƙugu da ɗuwawu da dunduniya, wani har ƙashi ya leƙo. Farce ya yi zaƙo-zaƙo, kitso ya dunƙule tun na bara, cinyoyi sun sale saboda famfas da ake bari tun safe har dare. Kwanaki na wanke wata baiwar Allah, sai ga shatin igiya a wuyan hannunta. Surukarta ta ce wai rikicin tsufa ne, tana fita ta ɓace, shi ya sa suke ɗaure ta da gado. Aka kai ta Harami aka yi mata salla, 'ya'ya suna kuka har da majina, aka wuce da ita maƙabartar Shara'i, kowa yana cewa ta dace. Ta dace, in Allah ya so. Su fa?

Ba duka ne mugunta ba, na sani. Mata sun tafi aikatau, maza suna neman kuɗin haya, a kulle tsohuwa a ɗaki da kwanon abinci a gefe, alhali ba ta iya kai hannu baki. Ga tsoron tarhil, wato kora daga ƙasa: wanda igamarsa, takardar izinin zama, ta mutu gani yake zuwa asibiti kai kansa ne. Amma wanda zai tura uwarsa a keken guragu ya ajiye ta bakin hanya cikin azumi tana bara, da dare ya zo ya juye jakar, wannan ban san uzurin da zan ba shi ba. Haka mai riƙe katin bankin ubansa ya ƙwamushe ɗan abin da ke shigowa.

A shekarar 2022 hukumar Saudiyya ta fitar da dokar kare haƙƙin tsofaffi, wato ɗan ƙasa da ya kai shekara 60, kuma ta tanadi ɗauri da tara ga mai riƙon da ya wulaƙanta shi ko ya ci dukiyarsa. Da yawa cikinmu suna da jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, dokar ta hau kansu kai tsaye. Akwai kuma lambar 1919 ta kai ƙarar cin zarafi a cikin gida. Sai dai wa zai kira? Mu da muka ɗauki shiru a matsayin rufin asiri.

Gyambon nan ba ciwon tsufa ba ne, ciwon rashin juyawa ne. Nauyin jiki ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina kaiwa, nama ya mutu. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi kamar duk bayan awa 2, a bar shimfiɗa a bushe. Farkonsa jan tabo ne da ba ya washewa idan an danna. A baƙar fata irin tamu sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri, shi ya sa ake makara. Sannan ruwa. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, a zafin Makka kuwa kada a jira sai ya nema.

Ni yanzu idan zan je dubiya, nakan saka mataji da abin yankan farce a jaka, in ce a ba ni wuri zan gyara wa Hajiya jiki. Ba a taɓa hana ni ba. Idan muka keɓe sai in duba bayanta, in tambaye ta yaushe rabonta da abinci mai zafi. Sau biyu na tarar da tabon bai fashe ba tukuna. Ɗayarsu tana nan da ranta a unguwar Hindawiyya, Juma'ar da ta wuce ma ta aiko mini da dabino.

Wassalam,
Wata mai wankan mata, Misfala, Makka