Wasiƙa Zuwa Ga Dogo A Jidda

Dogo mutumina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya zafin Jidda, ya maigidan naka mai tsumulmula? Hajiya ce ta tsare ni jiya wai lallai in tambaye ka maganar kayan nan, amma bari tukuna, don akwai abin da ya fi wannan ci mini rai.

Ina ka shiga tun daren Asabar, 21 ga Satumba 2024? Kai da ko kaza aka yanka sai ka bugo waya, yanzu layinka shiru. Fito fili, ba cin ka zan yi ba. An kashe maka Anthony Joshua a damben boksin, kuma kisan da babu gardama, a Wembley, gaban mutum dubu 96. Mu a gidan kallon Ɗan Auta muka gani. Ana dab da farawa aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi sai da Mai Shayi ya zuƙo mai da baki daga babur ɗinsa. Har yau yana tofar da yawu yana cewa a biya shi.

Turmin farko bai ƙare ba Daniel Dubois ya sako wata dama ta sama, sai ga gwaninka a ƙasa. Ya miƙe yana zaro harshe wai shi bai ji komai ba, alhali ƙafafunsa rawa suke. Ya sake faɗuwa a turmi na 3, ya ƙara a na 4. Inda nake so ka tsaya ka duba shi ne na 5. Wallahi a nan Joshua ya sami yaron, ya narka masa dama har ya ja da baya, ɗakin ya kaure da ihu, wani ma ya haye benci. Maimakon ya bi a hankali, sai kwaɗayi ya ɗebe shi, ya afka yana neman ya gama aiki da naushin ƙasa, haɓa a buɗe. Dubois ya tare shi da wata gajeriyar dama, ya kife kamar an sauke buhun masara daga tirela. Ko minti ɗaya turmin bai cika ba.

Tun yaushe nake gaya maka? Tun da Andy Ruiz, mutumin da kuka yi ta yi wa dariyar tumbi, ya lallasa shi a New York a 2019, Joshua bai ƙara zama wanda ya tashi daga ƙasa ya gama da Klitschko a 2017 ba. Ƙarfi yana nan, jiki yana nan, amma da ya sha naushi ɗaya mai kyau sai lissafi ya kwance masa. Usyk ya doke shi sau biyu, na biyun ma a garinku aka yi a 2022, kana nan kana ƙirga riyal ka ƙi sayen tikiti. Kashe Ngannou da ya yi a watan Maris na 2024 shi ya ruɗe ku, kun manta Ngannou ba boksin ne sana'arsa ta asali ba. Kai dai kawai don an ce asalinsa Shagamu ne, shi ke nan ya zama ɗan ɗakinku. Ka taɓa zuwa Shagamu?

Ni Dubois ne ya ba ni tausayi tun farko. Yaron da aka riƙa kira matsoraci saboda ya durƙusa a gaban Joe Joyce a 2020, alhali ƙashin idonsa ne ya karye. Ko kambun hukumar dambe ta IBF ɗin nan cewa ake sadaka aka ba shi bayan Usyk ya ajiye. To yanzu fa? A daren da suka kara shekararsa 27, Joshua yana 34. In da ni ne ɗan'uwan Joshua sai in ce ya haƙura, ya tara abin da zai ci har jikoki. Amma mutanenku na Saudiyya ba za su bar shi ba, kuɗinsu ne ma ya shirya wannan na Landan ɗin.

Af, ka ji ambaliyar Maiduguri? Madatsar Alau ce ta ɓalle. Gidan su Baba Kura ruwa har taga, amma kowa ya fita lafiya, suna wajen ƙanwarsa. Ka kira shi, zai ji daɗi. Sannan auren Tela an ɗaga kuma, wannan karon wai kujeru ne ba su iso ba. Ni dai na riga na ɗinka anko, ba zan sake wani ba.

Ranar 21 ga Disamba 2024 Fury da Usyk za su sake karawa a Riyad. Na san halinka, Fury za ka bi don ya fi tsayi, ku dogaye ba kwa barin juna. Ni ina nan tare da Usyk. Kilishin da na ci a wannan karon ban yafe ba, ko ka aiko da kuɗinsa ko ka haɗa da dabino ajwa a hannun duk mai dawowa daga Umara.

Yara suna gaishe ka, uwarsu ma haka. Ka kunna wayarka.

Naka,
Gajere