Sanarwa kan ɗakunan nazari na laburare

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai, barkanmu da ƙoƙari.

Shugabannin laburarenmu suna son jin ta bakinmu kan yadda muke amfani da ƙananan ɗakunan nazari kafin su sake tsarin rabonsu. Don Allah kada kowa ya yi shiru. Rajistar bakin ƙofa wanda ya sa hannu kawai take nunawa, ba ta san wanda ya zo ya rasa wuri ya juya ba.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kama kujera. Makon jiya na yi sammako tun daga Rigasa, na tarar da ɗaki wayam, sai jakunkuna da littattafai a buɗe a kan tebur, masu su sun tafi lacca. Har aka kira azahar ba su dawo ba. A kan matakala muka yi bitarmu mu huɗu, takardu a cinya, ga jarrabawa ta ƙarato.

Ku faɗa mana lokacin da kuka fi zuwa, da ko karatun shiru kuke yi ko tattaunawa, sannan me ke korar ku: zafi in an ɗauke wuta, ƙarancin soket na caji, ko intanet. Ƴan uwa mata masu komawa Kawo da Barnawa kafin magariba, muna son jin naku sosai, don ɗakunan sun fi samuwa bayan kun tafi.

Ku turo mini kai tsaye zuwa daren Alhamis. Ba za a rubuta sunan kowa ba.

Na gode, Allah ya ba mu sa'a.