Wasiƙa: Masu sha'awar zama a siririn jirgin ruwa a Ingila, ku tambayi ruwan sama tukuna

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka baki ɗaya.

Dalilin wannan wasiƙa tawa shi ne bidiyoyin nan da ke ta yawo a Facebook da TikTok na mutanen da ke zaune cikin siraran jiragen ruwa a magudanan Ingila, jirgi an yi masa fenti kore da ja, furanni a kan rufi, agwagi na biye da shi, rana ta fito tas. Yanzu har yaranmu da ke zuwa karatu sun fara kirana wai Baba ya kake gani in na sayi irin wannan na huta da kuɗin haya. To ni dai na zauna a ciki, kuma abin da nake so su gane shi ne duk bidiyon nan ranar da gari ya yi kyau ake ɗaukarsa, ba wanda ke fito da waya ranar da ake tsuga ruwa a watan Nuwamba.

Jirgin nan faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, tsawo kuwa wasu har ƙafa 70 da ɗoriya, an yi shi haka ne saboda ya shige ƙofofin ruwan da aka gina tun zamanin da ake dakon kwal, zamanin da aka buɗe magudanar Bridgewater a 1761 don kai kwal Manchester. Matuƙi a baya yake tsayawa a waje riƙe da sandar tuƙi, yawancinsu ba rumfa ba gilashi, kuma doka ta ce kar ka wuce mil 4 a awa, wato tafiyar ƙafa ce kawai, saboda haka in ruwa ya sauko ba zancen ka taka wuta ka tsere, haka za ka tsaya yana dukanka. Kuma ruwan can ba mai zuwa da ƙarfi ya wuce ba ne, yayyafi ne mai naci da iska mai sanyi, ya wuni ya kwana, ya bi hannun rigar ruwanka ya gangara har gwiwar hannu. Lema kuwa sai dai ka riƙe don kwalliya, gada ta farko ko iska za ta raba ka da ita.

Inda abin ya fi haɗari shi ne wajen lok, wato ɗakin ruwan nan mai ƙofa gaba da baya da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi a ciki. Dole wani ya sauka da ƙarfen murɗawa ya buɗe mashigar ruwa, ya jingina bayansa da katon gungumen ƙofa ya tura, wani lokacin ya tsallaka ta kan ƙofar kanta, katako jiƙe ga gansakuka ga santsi, ƙasanka kuma rami ne mai zurfi ruwa na tafasa a ciki. A Tardebigge lok 30 ne a jere, a Caen Hill kusa da Devizes 29, ka yi tunanin yin wannan yatsunka sun sandare. Sannan in ana sauka akwai wani dandamalin siminti a gindin ƙofar baya, in hankalinka ya tafi wajen gyara hula bayan jirgin ya hau kansa, ruwa na janyewa gaba zai nutse, cikin 'yan mintuna gidanka gaba ɗaya ya tafi.

Amma wallahi ni ba ruwan waje ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya ba, na ciki ne. Jirgin ƙarfe ne zaune cikin ruwa mai sanyi, numfashinka da tururin buta da rigunan da ka shanya duk sai su koma raɓa, da asuba taga na zubar da ruwa sai ka sa tsumma ka goge, ka ɗaga katifa ka ga ƙasanta ya yi funfuna, takalmin da ka ajiye a lungu ya yi kore. Maganin shi ne murhun kwal ya kwana yana ci, a kuma bar kafofin iska a buɗe duk sanyin da ake, sabon shiga ne ke toshe su da tsumma wai yana tare sanyi, alhali hayaƙin nan marar wari da murhu ke fitarwa shi ke kashe mutane cikin barci, shi ya sa tun 2019 aka wajabta sa na'urar da ke yin ƙara in ya taru. Faifan sola da ke kan rufi kuwa da hunturu sunansa ado, sai ka tada inji ka yi cajin batir, shi ma an hana daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe saboda maƙwabta.

Wani zai ce to in ana ruwa ka ɗaure jirgi ka zauna mana. Eh, ana yi, kuma ba ƙarya akwai daɗi, ruwa na kaɗa rufi murhu na ci. Sai dai wanda ba shi da mazaunin dindindin, kuma su ne masu neman arhar, dokar 1995 ta ce kar ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, ma'aikatan hukumar Canal & River Trust da ke kula da wajen mil 2,000 na magudanan tun 2012 suna zagayawa suna rubuta lambar jirage. Ga tankin ruwan sha zai ƙare, ga bokitin ban ɗaki ya cika dole ka kai shi wurin zubarwa cikin taɓo har idon sawu. Turakun da ka kafa ka ɗaure igiya kuma in ƙasa ta jiƙa wani jirgi na wucewa sai su tuge, ka dawo daga aiki ka tarar da gidanka ya gindaye a tsakiyar ruwa.

Inda magudana ta haɗu da kogi, kamar Soar ko Trent, akwai allo mai kore da ruwan ɗorawa da ja a bakin ruwa, in ruwa ya kai ja ba tafiya, ko sati nawa ne. Su kansu magudanan sun tsufa, a Agustan 2019 madatsar Toddbrook da ke ba wa magudana ruwa ta fara zaizayewa bayan ruwa mai yawa har aka kwashe mutanen garin Whaley Bridge, a ranar 1 ga Janairun 2025 kuma gefen Bridgewater ɗin nan ya ɓalle kusa da Dunham Massey. Abin dariyar shi ne in ruwan bai sauka ba ma kuka ake, don kowane jirgi ya wuce lok sai ya zubar da dubban litoci, a zafin 2025 haka aka rufe lok da yawa saboda fari.

Kuɗi ma ba banza ba ne, lasisin matsakaicin jirgi ya haura fam 1,000 a shekara, ga inshora ga dizal ga kwal ga fitar da shi a shafa wa ƙasansa baƙin fenti bayan 'yan shekaru saboda tsatsa.

Ni ban ce kar kowa ya saya ba Edita, akwai waɗanda suka shekara da shekaru a ciki ko kyauta ka ba su gida ba za su karɓa ba. Amma duk yaron da ya sake kirana zan ce ya yi hayar jirgi na sati guda a ƙarshen Oktoba, ya tafi da safa mai yawa, in ya dawo sai mu yi maganar saye. Don Allah a taimaka a buga min wannan ko iyayensu za su gani kafin su tura kuɗi.

Naka,
wani mai karatu daga Birmingham, Ingila